Ranar da Inna ta Raka Ni Wankin Haƙori

Cikina na fari yana wata huɗu na fara ganin jini a kan buroshi. A lokacin ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Tudun Wada, muna haya ni da maigidana a wani gida mai ɗaki biyu, da ƙafa nake zuwa makaranta daga can. Da farko ɗan ja-ja ne kawai a cikin kumfa idan na tofar da safe. Kafin wata ya ƙare, ko mangwaro na gatsa sai na ga jini a jikinsa. Dasashina ya kumbura, ya yi jajir yana sheƙi, har ya fara hawa kan haƙoran ƙasa. Ba ya min zafi sosai. Abin da ya fi damuna shi ne ɗanɗanon ƙarfe da ba ya barin bakina, da yadda na lura 'yan bencin gaba suna ɗan kau da kai idan na sunkuya ina duba musu rubutu.

Dama laulayi ya sa ko ƙanshin man goge baki na ji sai zuciyata ta tashi. Da jinin ya zo sai na samu hujja. Na koma wanke baki da ruwa da yatsa, ina ganin idan na bar wurin ya huta zai warke da kansa. Bai warke ba, sai ma ƙaruwa da ya yi.

Duk Juma'a idan an tashi makaranta nakan wuce gidanmu a Ƙofar Taramniya in yini. Gidan mahauta ne tun kakanni. Baba da yayyena maza biyu da sassafe suke fita mayanka, kuma ba a rasa nama a gidan, ko da kai da ƙafa ne ko kayan ciki. Amma Inna, mahaifiyarmu, tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta yagi tsoka ba. Nata sai an dafa ya yi luguf, ko a yi mata dambu, ko ta shanye romon ta miƙa wa jikoki naman. Haƙoranta na tauna kusan duk sun tafi, na gaba kuma sun yi tsawo sun rarrabu, biyu suna motsi idan ta ɗaga murya. Ita ba ta ɗauki wannan a ciwo ba. Cewa take kowane ciki da haƙorinsa yake tafiya, kuma ta san kowane giɓi na wane ne. Muna yara takan buɗe baki ta nuna mana, wannan na babban yayanku, wannan na mai bi masa. Ni nawa biyu ne a gefen hagu, wai don na fi kowa ba ta wahala.

Bakwaini aka haife ni. Duk unguwar an san haka, har na girma tsofaffin mata idan sun gan ni sai sun riƙe baki sun ce ashe dai na rayu. Ban taɓa tambayar yadda aka yi ba, ita ma Inna ba ta cika son zancen ba.

Ran da na nuna mata bakina, ta riƙe haɓata ta juya ni wajen haske ta duba, sannan ta ce, "Wanga ai ba ciwo ba na, ciki na. Ɗa shina jan abincinai ga haƙorin uwa. In kin haihu za shi wuce." Ta jiƙa min bagaruwa a kwano ta ce in riƙa kurkure baki da ruwan. Na yi kuwa. Takan ɗaure bakin, jinin ya ragu kwana biyu, sannan ya dawo yadda yake.

A wajen awon ciki asirina ya tonu. Malamar awon wata dattijuwa ce mai ƙiba, ba ta da yawan fara'a amma ba abin da yake wuce idonta. Ta auna jinina, ta auna cikin, ta saurari bugun zuciyar ɗan, duk lafiya. Tana rubutu a katina sai ta tambaye ni me ya sa tun da na shigo nake magana da bakin mayafi a kan baki. Na ce ba komai. Ta ajiye biro ta ce in buɗe. Ta haska da fitilar wayarta, ta daɗe tana kallo, ta tambayi tun yaushe, da ko ina gogewa. Na faɗa mata gaskiya.

Ta ce kumburin dasashi abu ne da yake yawan samun masu ciki, amma nawa ya wuce na a zuba ido. Ta ce likitoci sun lura matan da ciwon dasashinsu ya yi nisa sun fi yawan haihuwa kafin lokaci, ko su haifi ɗa marar nauyi, don haka ba a son mai ciki ta zauna da shi. Ta rubuta min takarda zuwa sashen haƙori na babban asibiti a wanke min haƙora, ta ce yanzu ne lokacin da ya fi dacewa, laulayi ya ja baya, cikin kuma bai yi nauyin da zai hana ni kwanciya a kujera ba.

Kalmar haihuwa kafin lokaci ita ta tsaya min. Duk hanyar gida ita nake juyawa. Na saka takardar a cikin littafin shirin darasi, ta yi kwana goma a can.

Maigidana ma'aikacin ofis ne a jami'a, kullum yana bi ta Kwalkwalawa a kan babur, yakan tsaya ya sayo mana kayan miya a wajen manoman wurin. Wata rana ya sayo rake ya feraye min, na gatsa sau ɗaya na ajiye, ya ga jini a jiki. A nan na ɗauko masa takardar. Ya karanta ya ce ba abin jira, a je. Amma ya ce tunda cikin fari ne, kuma gida zan koma haihuwa, bai kamata Inna ta ji labari a bakin wani ba. In je in faɗa mata da kaina.

Inna ba ta yarda ba. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an sa wa mai ciki ƙarfe a baki ba. Ta kawo labarin wata mata a bayan layinmu da aka ce an cire mata haƙori da ciki, cikin ya zube. Na ce ni ba cirewa za a yi ba, wankewa ce. Ta ce haka suke cewa, sai mutum ya kwanta. Muna cikin haka Baba ya dawo, ya zauna a tabarmarsa a inuwar darbejiya yana cin tuwo, yana jinmu. Sai da ya wanke hannu ya ce shi dai bai san aikin likita ba, amma shekara arba'in yana sayen dabba, kuma duk wadda zai saya bakinta yake fara buɗewa. Wadda bakinta ya lalace, ko an ga jikinta da kyau, idan aka yanka sai an samu wani abu a ciki.

Inna ta ce to madalla, yau kuma an mayar da ɗiyarta saniya. Baba ya yi dariya ya shige ɗaki. Inna ta jawo faifai ta hau tsince shinkafa. Da zan tafi ta biyo ni har zaure ta ce ranar da za ni in biyo ta nan, tare za mu je. Idan ta ga sun ɗauko abin cire haƙori, da hannunta za ta tashe ni.

Ranar Talata muka je, na nemi izini a makaranta. Lokacin zafi ne, irin zafin Sakkwato da tun ƙarfe tara inuwa take ƙarewa. Muka hau keke napep, Inna ta sa babban mayafinta na zuwa biki, ta riƙe carbi. A sashen haƙorin mutane sun cika benci, yawancinsu sun tallabe kunci, wani ma fuskarsa ta kumbura har ido ya rufe. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta raɗa min cewa duk wurin ni kaɗai ce ba abin da ya same ni. Mun kusa awa biyu kafin a kira ni.

Likitar mace ce, matashiya, ba za ta girme ni da yawa ba. Tana buɗe baki Inna ta gane Bakanuwa ce, ita ma likitar, Inna tana gaishe ta, ta yi murmushi ta ce lallai yau ta samu Sakkwatanci na asali. Na ce mahaifiyata ce, tana son ta zauna a ciki. Na zaci za ta hana. Sai ta jawo kujerar roba ta ajiye a wajen ƙafafuna ta ce, "Mama, zauna nan, ki ga duk abin da zan yi." Ta ɗauko kayan aikin a faranti ta nuna mata ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin madubi, da wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa, da bakin injin da yake feso ruwa. Ta ce babu na cire haƙori a ciki. Inna ta leƙa farantin da kyau kafin ta zauna.

Da ta gama dubawa ta yi mana bayani a hankali, tana kallon Inna fiye da ni. Ta ce ɗan da ke ciki ba ya jan komai daga haƙori. Abin da yake faruwa shi ne ciki yana canja jinin mace, dasashi ya yi laushi, ɗan dattin da a da ba ya damunsa yanzu sai ya kumbura shi. Idan aka daina gogewa saboda jini, dattin ya taru ya daskare a gindin haƙori kamar dutse, buroshi ba ya iya fitar da shi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Idan aka daɗe a haka ciwon yakan shiga ƙasa ya ci ƙashin da yake riƙe da haƙori, shi ne sai a ga haƙori ya yi tsawo, ya fara motsi, wata rana ya faɗi ba tare da ya ruɓe ba. Ta ce nawa bai kai can ba, yana sama-sama.

Na ga Inna ta kai hannu ta gyara mayafi a kan bakinta.

Wankin bai yi zafin da na zata ba. Ƙarar injin ce ta fi damuna, wani siririn kuka da yake shiga har cikin kunne, da tsamin da haƙoran ƙasa suke yi idan ruwan sanyi ya taɓa su. Likitar ta sa an ɗan karkata ni gefen hagu, ta tura min matashi a ƙugu, ta ce duk lokacin da na gaji in ɗaga hannu. Idan na tofar sai in ga jini da wasu ɓarɓashi masu ruwan ƙasa kamar fasasshen kasko. Na yi mamakin duk wannan a bakina yake. Ana tsakiyar aikin ɗan ya motsa, motsi mai ƙarfi irin wanda bai taɓa yi ba, har rigata ta ɗaga. Inna ta gani. Ta ɗora hannu a kan ƙafata ta riƙe, ba ta saki ba har aka gama.

Da na tashi zaune na zagaya da harshe, sai na ji haƙoran kamar ba nawa ba, kowanne da iyakarsa. Likitar ta ɗauko wani babban haƙorin roba ta nuna min yadda zan riƙa gogewa da buroshi mai laushi, safe da kafin kwanciya, har bakin dasashi. Ta ce zai yi jini kwanakin farko, kada in daina. In riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi da gishiri. Idan na yi amai in kurkure da ruwa kawai, in ɗan jira kafin in goge. Inna ta tambaye ta asuwaki fa. Ta ce asuwaki yana da kyau ƙwarai idan ana bin kowane haƙori ciki da waje, ba a tauna shi kawai ana hira ba.

Na ɗauki jakata ina shirin godiya, sai na ga Inna ba ta tashi ba. Likitar ma ta lura. Ta ce, "Mama, ko in duba naki tunda kin zo?" Inna ta ce ita ta tsufa, abin da ya tafi ya tafi. Likitar ta ce dubawa ce kawai, ba za ta taɓa komai ba. Inna ta dube ni, ta dubi ƙofa, sannan ta cire takalmi, ko da yake ba wanda ya ce ta cire, ta hau kujerar.

Ban taɓa ganin mahaifiyata a kwance a gaban baƙo ba. Ta rufe ido, ta haɗa hannuwa a ƙirji da carbin a ciki. Likitar ta daɗe a kanta fiye da yadda ta daɗe a kaina. Da ta gama ta ce ciwon ya yi shekaru masu yawa, ya ci ƙashi sosai. Biyun nan masu motsi ba za su tsaya ba, amma sauran idan aka wanke aka kula da su za su iya kai ta nesa.

Inna ta tashi zaune a bakin kujerar, ƙafafunta ba sa kai ƙasa. Ta ce tun cikinta na biyu bakinta yake jini. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Na san akwai wani ɗa namiji da aka haifa kafin ni ya rasu, amma an ce mana dai bai zo da kwana ba. Ashe shi ma bakwaini ne. Kwana uku ya yi. Bayansa sai ni, ni ma a wata bakwai. Ta faɗi wannan duka muryarta ba ta canja ba, kamar tana ba da labarin wata, sannan ta ce, "Likita, hwaɗa min gaskiya. Bakin nan nawa shi ya hiddo su tun lokaci bai yi ba?"

Likitar ta cire safar hannu, ta jawo kujerarta kusa. Ta ce, "Mama, ban sani ba, kuma ba likitan da zai iya ce miki e. Abubuwan da suke kawo haihuwa kafin lokaci suna da yawa, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ƙarancin jini, aiki mai nauyi, haihuwa kusa-kusa, wani lokacin ma a bincika a rasa dalili. An ga ciwon dasashi yana yawan tafiya tare da ita, shi ya sa muke kula da shi. Amma ko wankin da na yi wa 'yarki yanzu, ba zan ce miki ya tabbatar za ta kai wata tara ba. Mun dai rage mata abu ɗaya. Ke kuma a lokacinki ba wanda ya faɗa miki."

Inna ta gyaɗa kai. Ta ce haka ne, ba wanda ya faɗa mata. Ta sauko ta sa takalminta, ta yi wa likitar addu'a mai tsawo, har da iyayenta da mijin da za ta aura idan ba ta yi aure ba. Likitar ta ce tana da 'ya'ya biyu. Inna ta ce to Allah ya raya su.

Da muka isa gida Inna ta dama mana fura, ta ce kada in sa ƙanƙara saboda haƙoran. Muka zauna a inuwa bayan azahar, gidan ba kowa, sai ta ci gaba da labarin daga inda ta tsaya, ban tambaye ta ba. Ta ce da damina aka haife ni, tana tsakiyar wankin kayan ciki da Baba ya aiko a gyara, naƙuda ta kama ta. Ta ce ban fi tafin hannun Baba biyu ba, kukana kamar na ɗan kyanwa. Kakata ta wajen uba ita ta karɓe ni, ta rufe ɗaki, ta sa kaskon garwashi, ta hana kowa shiga. Ban iya kama nono ba, sai dai a tatsa a ɗiga min da ƙaramin cokali. Inna ta ce ta yi sati biyu ba ta yarda ta kalli fuskata sosai ba, don kada ta saba da ni kamar yadda ta saba da wancan. Ranar da na kama nono da kaina, ranar ta yi kukan duka biyun.

Na ce mata ai ga ni. Ta ce ai ta gani, in sha furata.

Kwanakin farko jinin ya fi na da, har na ce wa maigidana anya kuwa. Ya ce ai an faɗa min haka za a yi. Na canja man goge baki zuwa wani marar ƙanshi sosai, na daure. Wajen sati biyu kumburin ya fara sauka, jan ya koma fari-fari, ɗanɗanon ƙarfen ya tafi. Bai daina jini gaba ɗaya ba sai bayan na haihu, amma ya koma ɗan kaɗan, wani lokacin a kwana uku ban gani ba. Da na koma awo malamar ta sake haskawa, ta ce to, yanzu na zama mutum. A wajenta wannan babban yabo ne.

Cikin yana wata bakwai na koma gida goyon ciki. Inna ce ta matsa a dawo da ni da wuri, kuma na san dalili. Duk watan nan ba ta bari na ɗaga ko bokiti ba. Gidan sauro ta ɗaura min da kanta, maganin ƙarin jini kuma a hannunta yake, ita take miƙo min. Da safe idan na fito da buroshi sai ta ɗauko asuwakinta ta zauna a kan turmi kusa da ni, tana bin haƙoranta ɗaya-ɗaya yadda aka nuna mata, tana satar kallon abin da nake tofarwa. Ba ta taɓa cewa tana ƙirga kwanaki ba. Amma ranar da watan bakwai ya cika muka shiga na takwas, ta sa aka dafa shinkafa da wake da yawa aka raba wa maƙwabta, ta ce sadaka ce kawai.

Na haihu da hantsi, a asibiti, saura kamar sati biyu kwanan da aka ƙiyasta min ya cika. Mace ce. Ba ta da girma, amma ta yi kuka da ƙarfi, ta kama nono a ranar, ba a sa ta a kwalba ba. Inna ta karɓe ta ta juya ta gaba da baya, ta duba yatsu, ta duba kunnuwa, ta ce wannan ta nuna.

A gadon da yake kusa da nawa akwai wata yarinya daga wani ƙauye a hanyar jami'a, manoman shinkafa ne. Nata ɗan ya zo a wata bakwai, yana kwalba, tana zuwa tana tatsar masa nono. Muna hira tana dariya na ga haƙoranta farare tas, dasashinta lafiya lau, ko alamar kumburi babu. Ita hawan jini ne ya sa aka fitar da shi. Na tuna maganar likitar. Har yau idan aka tambaye ni ko wankin haƙori ne ya sa na kai lokaci, cewa nake ban sani ba. Na san dai na yi sauran watannin ina cin abinci da daɗi, ina magana da mutane ba tare da na rufe baki ba, kuma na fita daga cikin nan haƙorana cif. An sallame mu kafin ita, ban san yadda ɗanta ya ƙare ba, ina yawan tuna ta.

Inna ta ƙi komawa a yi nata aikin sai da na haihu, wai ba za ta kwanta ciwon baki ba alhali ana bukatarta. Bayan suna da sati biyu ta shirya da kanta ta ce wa babban yayana ya kai ta. Sau uku ta je. Biyun farko wanki ne, na ukun aka cire haƙoran nan biyu masu motsi. An yi mata tayin haƙoran roba ta ce a'a, ba za ta sa abin da za ta riƙa cirewa tana ajiyewa a kofi ba.

Ranar da aka cire, ta dawo wajen azahar da auduga a baki, an ce kada ta yi magana ko ta tofar sai an jima. Gidan ya yi tsit, don ita ce mai maganar gidan. Baba ya dawo ya tarar da ita zaune tana nuna abubuwa da hannu, ya tambayi abin da ya faru, aka faɗa masa. Ya zauna kusa da ita ya ce yau dai zai faɗi duk abin da ya ga dama ba mai mayar masa. Ta harare shi, ta ɗauki mafici ta buga masa a gwiwa.

Da la'asar matar yayana ta ɗora ruwan wankan jaririya, ta ce yau ita za ta yi, Inna ta huta. Inna ta girgiza kai. Ta ɗaura zani a ƙirji, ta jawo kujera 'yar tsugune, ta taɓa ruwan da gwiwar hannu, ta nuna a ƙara na sanyi. Ta miƙo hannu na ba ta yarinyar. Ta wanke ta tsaf, ta gasa mata cibiya, ta mimmiƙe mata hannuwa da ƙafafu, kuncinta a kumbure, tana yi mata wata 'yar waƙa ta hanci tunda baki ba dama. Da ta gama ta shafa mata mai, ta naɗe ta, ta ajiye min ita a cinya, sannan ta je ta kwanta.

Yarinyar yanzu tana aji ɗaya a makarantar da nake koyarwa, na yi mata ƙane ɗaya. A cikinsa tun wata uku na kai kaina sashen haƙori, ba wanda ya rubuta min takarda. Waccan likitar an mayar da ita wani gari, wani namiji na tarar. Inna kuwa haƙoran da suka rage mata goma sha ɗaya ne, kuma tun daga lokacin ko ɗaya bai ƙara faɗuwa ba.